Yadda ake mayar da tsohuwar kwamfuta rediyon intanet

Tsohuwar kwamfutar nan da ke kwance ƙarƙashin tebur, Pentium 4 ko Pentium III da aka kwaso daga wani buro ko aka saya hannu na biyu, ba ta iya buɗe Facebook a yau, YouTube kuwa ba a magana. Amma sauti bai taɓa yi mata nauyi ba. Manhajar Winamp ta fito tun 1997, tsarin watsa rediyo na SHOUTcast ya biyo baya a 1998, lokacin da kwamfutar gida ke gudu a megahaz 200 ko 300, kuma da irin waɗannan injinan mutane suka riƙa sauraron tashoshin duniya ta layin tarho. Pentium 4 da ta fito a 2000 ta ninka su ƙarfi sau da yawa. Abin da ya canja tun lokacin abu biyu ne: shafukan intanet sun yi ƙiba, sannan an sa wa yawancin adireshi makullin tsaro na https wanda Windows XP ba ta gane sabon salonsa. Saboda haka dabarar duka ita ce ka kauce wa burauza gaba ɗaya, ka samo adireshin sautin shi kaɗai, ka miƙa shi ga ƙaramar manhaja da ta san aikinta.

Misalan da ke nan na Windows XP ce ta Faransanci, da kilabiye mai fara da AZERTY, tunda ita ce aka fi samu a Maradi. Wanda tasa ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa da Turancin Ingilishi, maɓallan gajeren hanya duk ɗaya ne.

Kafin ka sa ta a kuran

Juya akwatin ka duba bayansa, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Tsofaffi da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Kuran ɗinmu 220 ne, dole lambar da ke nunawa ta zama 230. Kwamfutar da aka kawo daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, kuma idan ka sa ta haka, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna, aiki ya ƙare tun ba a fara ba.

Sai ka buɗe murfin gefe. Injin da ya ga hunturu uku ko huɗu a garin nan, za ka tarar ƙura ta yi tabarma tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar. Fitar da shi tsakar gida, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, ka share da busasshen buroshin fenti, ka hure. Pentium 4 mai zafi ce tun asali, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙura kaɗan ta isa ta sa ta mutu da kanta tsakiyar labarai. Tun da murfin na buɗe, dubi ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban farantin ciki. Kansu ya kamata ya zama shafaffe. Idan sun kumbura ko sun fitar da wani abu ruwan ƙasa-ƙasa, wannan ciwo ne sananne na injinan farkon shekarun 2000, kai wa mai gyaran rediyo da talabijin ya canja su, ba aiki ne mai tsada ba.

Abu na uku shi ne wanda aka fi rainawa. A kan farantin akwai batir fari mai faɗi kamar kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, volt 3. Shi ke riƙe agogo idan an kashe injin. Bayan shekaru ya mutu, shi ya sa duk kunnawa kwamfutar ke cewa yau 1 ga Janairun wata shekara da ta daɗe da wucewa. Masu gyaran agogo da masu sayar da batirin rimot suna da shi. Canja shi, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, da F2 ko Suppr ko F10 gwargwadon kamfanin, ka gyara rana da lokaci. Muhimmancinsa ga rediyo shi ne, duk adireshin https yana zuwa da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma injin da ke zaton yana 2003 zai ƙi kowace takarda. A cikin Windows ka zaɓi yankin lokaci na Afirka ta tsakiya da yamma, GMT+1. Kada ka zaɓi na Paris, don shi yana ƙara awa ɗaya idan bazarar Turai ta zo, mu kuwa agogonmu ba ya motsi.

Haɗa ta da rezo

Hanya mafi sauƙi ita ce waya. Idan kana da akwatin intanet na 4G, na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, duba bayansa akwai rami mai kusurwa huɗu da ya fi na tarho faɗi. Sayi wayar rezo, kai ɗaya a akwatin, ɗaya a bayan kwamfuta. Ba kalmar sirri, ba saiti, fitila kore ta kama shi ke nan.

Idan da wayar hannu za ka raba, sai an ɗan yi lallashi. Tsofaffin katunan Wi-Fi ba sa ganin zangon gigahaz 5, kuma ba su san tsaron WPA3 ba. Shiga saitin raba intanet na wayarka ka mayar da zango 2.4, tsaro kuma WPA2. Ita ma XP sai tana da Service Pack 3 take jin WPA2 ba tare da ƙarin gyara ba. Don ka sani, danna dama a kan Poste de travail, ka zaɓi Propriétés: nan za ka ga wace Service Pack ce, ka ga kuma yawan RAM. Mega 256 ta ishi Winamp, VLC ta fi sakewa a 512.

Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014. Injin nan rediyo ne kawai daga yau. Kada ka shigar da kalmar sirrin imel a cikinsa, ko wani abu da ya shafi kuɗi, kuma ka bar bangon tsaro na Windows a kunne.

Manhajar da za ta yi wasa

Ba za ka iya sauke komai da tsohon Internet Explorer ba, don haka a wata sabuwar na'ura za ka sauke ka kawo a kile. Kile ɗin ya zama an tsara shi a FAT32, don XP ba ta karanta exFAT sai an ƙara mata wani gyara. Kuma kada ya zama wanda ya zaga shagunan tura waƙa, kowa ya san ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi.

Zaɓina na farko VLC ce. Jerin 3.0 har yanzu yana aiki a XP mai Service Pack 3. Ka sauke daga shafin masu ita, videolan.org, ka ɗauki fayil ɗin da sunansa ya ƙare da win32, girmansa wajen mega 40. Abin da ya sa na fifita ta shi ne tana tafe da nata kayan buɗe https da nata na'urorin fassara sauti, ba ta jiran Windows ta ba ta. Idan ta ƙi tashi a injin da ya tsufa sosai, koma 2.2.8 da ke ma'ajiyar tsofaffin fitowa a shafin nasu.

Winamp ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ga wanda ya yi zamanin sibar kafe, ganin fuskarta kaɗai wani daɗi ne. 5.666 ta ƙarshen 2013 ta dace da XP, 2.95 kuma ta dace da Windows 98. Sai dai ta fi son adireshin http na da, sabbin salo suna ba ta wahala. Ni na kan sa su biyun: Winamp don tashoshin da suka yarda da ita, VLC don masu taurin kai.

Samo adireshin sautin

Nan ne ainihin aikin yake. Adireshin shafin tashar daban, adireshin sautin daban. Shafin shi ne mai hotuna da talla da maɓallin kunnawa. Sautin kuwa layi ɗaya ne, sau da yawa da lamba kamar :8000 a tsakiya, yana ƙarewa da /stream ko /live ko .mp3 ko .aac. Shi kaɗai tsohuwar kwamfuta ke buƙata.

Fara da radio-browser.info a wayarka. Rumbu ne da masu sauraro ke cikawa kyauta, ana nema da sunan tasha ko ƙasa ko harshe. Rubuta Hausa a gurbin harshe ko Niger ko Nigeria a gurbin ƙasa. Kowace tasha yana nuna adireshinta, da nau'in sautin, MP3 ne ko AAC, da nauyinsa a kbps. Lura da wannan lambar ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Idan tashar ba ta ciki, je shafinta ka nemi inda aka sa alamar Winamp ko VLC, ko fayil mai ƙarewa da .pls ko .m3u. Waɗannan fayilolin ba sauti ne a cikinsu ba, rubutu ne layi biyu ko uku. Buɗe shi da Bloc-notes, a .pls za ka ga File1= sannan adireshin a gabansa, a .m3u kuwa adireshin ne ba File1=. Idan wannan ma babu, ari sabuwar kwamfuta, buɗe shafin a Chrome ko Firefox, danna F12, zaɓi sashen Réseau, sannan ka kunna rediyon. Layuka za su yi ta zubowa suna tsayawa. Wanda bai tsaya ba, girmansa yana ta ƙaruwa, shi ne sautin. Danna dama a kansa ka kwafe.

Kada ka yi ƙoƙarin rubuta adireshin da hannu a AZERTY kana kallon waya, harafi ɗaya ya kauce ka ɓata yamma guda. Tara su duka a fayil ɗin rubutu, layi ɗaya tasha ɗaya, ka adana da suna kamar tashoshi.m3u, ka kawo a kile. Wannan fayil shi ne zai zama allurar neman tasha. Don gwajin guda ɗaya, a VLC danna Ctrl+N ka liƙa, a Winamp kuma Ctrl+L.

Abin da za ka sa a ciki ya rage naka. Sassan Hausa na ƙasashen waje sun daɗe, BBC tun 1957, DW tun 1963, amma su ana iya kama su ta wasu hanyoyi. A ganina ribar abin tana ga tashoshin da iska ba ta kawo mana: FM ɗin Kano da Kaduna da Sakkwato, na Zinder da Tawa da Agadas, na zangon Kumasi da Accra, tashoshin karatun Alƙur'ani da ba sa tsayawa dare da rana. Anfani ko Garkuwa da ƙaramar rediyon batir ke kamawa tsaf a unguwar Zariya ko Bagalam nan Maradi, ɓarnar mega ce ka saurare su ta intanet.

Idan ta yi shiru

Tashoshi suna canja adireshi, don haka fara da gwada shi a VLC ta wayarka. Idan can ma shiru, adireshin ne ya mutu, nemi sabo. Idan ya yi a waya ya ƙi a kwamfuta, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Goge harafin s daga https ka sake gwadawa. Abin kamar wasa, amma sabar rediyo da yawa, musamman masu Icecast da SHOUTcast, har yanzu suna amsawa ta tsohuwar ƙofar http. Sauraron labarai ba sirri ba ne, ba ka rasa komai.

Idan VLC ta fito da gargaɗi cewa ba ta san takardar shaidar ba, dalilin shi ne jerin amintattun takardu na XP ya tsufa. Wata babbar takarda da dubban shafuka suka dogara da ita ta ƙare ranar 30 ga Satumban 2021, kuma XP ba ta san magajiyarta ba. Tunda sauti kawai kake karɓa, kana iya amincewa ka wuce. A injin da ake harkar kuɗi ba zan ce haka ba.

Adireshin da ya ƙare da .m3u8, da takwas a ƙarshe, wani salo ne da ake kira HLS, mai yanka sauti gunduwa-gunduwa na ƴan daƙiƙu. Winamp ba ta san shi ba, VLC 3 ta sani.

Idan duk wannan bai yi ba, saura hanya biyu. Ta farko ita ce tafinta: wata sabuwar kwamfuta a gidan ta karɓi sautin ta juya shi MP3 na da, ta miƙa wa tsohuwar. A VLC ta sabuwar danna Ctrl+S, liƙa adireshin a sashen rezo, wurin zuwa ka zaɓi HTTP da lamba 8080, salo kuma Audio - MP3. A sabuwar dai buɗe cmd, wato tagar umarni, ka rubuta ipconfig don ganin lambarta a rezon gida, wani abu mai fara da 192.168. A tsohuwar sai ka buɗe http:// da wannan lambar da :8080 a ƙarshe. Dole su biyun suna kan akwati ɗaya, kuma bangon tsaron sabuwar ya ba VLC izini. Da irin wannan dabara ne masu ajiye injinan da suka fi waɗannan tsufa ke samun sauti, irin Pentium na farko, ko Amiga 1200 ta 1992 wadda megahaz 14 ɗinta ba ya iya warware MP3 sai an ƙara mata kati. Amma a gaskiya, kunna injin biyu don rediyo ɗaya aikin masu sha'awa ne, ba na mai shago ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda nake ba da shawara ga wanda ke son abin ya daɗe: cire XP ka sa antiX. Linux ce mara nauyi da aka gina kan Debian, tana da fitowar 32-bit, tana tashi a mega 256, kuma takardun shaidarta na zamani ne, matsalar https ta kau ke nan gaba ɗaya. Ana sa ta daga kile, ko daga faifan CD idan injin bai san tashi daga kile ba. Bayan nan ka buɗe tagar umarni ka rubuta mpv, tazara, adireshin. Idan mpv ba ta ciki, sudo apt install mpv zai kawo ta. Fayil ɗin tashoshi.m3u ma tana karanta shi.

Lissafin mega

Lambar kbps ita ce farashin tasha. Raba ta biyu ka rage kaɗan, ka sami megar da take ci a awa ɗaya. Mai 128 tana cin kusan 58, mai 64 kusan 29, mai 32 wajen 14. Tela da ke buɗe shago awa 8 yana sauraron mai 128 zai ƙone wajen mega 460 a yini, kusan giga 12 a ranakun aiki 26. Da mai 32 abin bai wuce giga 3 ba. Ga labarai da wa'azi da hira, kunne ba ya rasa komai a 32 ko 48, musamman idan AAC ne. Tashoshi da yawa suna da adireshi biyu, mai nauyi da mara nauyi, ɗauki na biyun. Winamp tana nuna lambar a fuskarta, a VLC kuma Ctrl+J ko Ctrl+I. Ka kuma sani cewa dabarar tafinta ba ta rage forfe ko kaɗan, don sabuwar kwamfutar tana jan sautin da cikakken nauyinsa kafin ta rage.

Idan sauti na tsinkewa, musamman bayan magariba da kowa ke kan rezo, ƙara ma'ajiyar jira. A tagar Ctrl+N ta VLC akwai wurin nuna ƙarin zaɓi, za ka ga 1000 ms, wato daƙiƙa ɗaya. Mayar da shi 8000 ko 10000. A Winamp danna Ctrl+P, shiga Plug-ins, Input, na'urar MPEG, sashen Streaming, ka ɗaga lambar zuwa 256 ko fiye. Tasha za ta ɗan jima kafin ta fara, amma ƙananan yankewar rezo ba za su kai kunnenka ba.

Sifika, da kunnawa ba allo

Ramin kore a baya shi ne na fitar sauti. Waya mai kai irin na abin kunne a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen, tana haɗa shi da ramin AUX na tsohuwar rakoda ko amfilifaya. Idan VLC na nuna tana wasa amma ba a jin komai, duba Gestionnaire de périphériques. Alamar tambaya ruwan ɗorawa a gaban na'urar sauti tana nufin direba ya ɓace, yawanci Realtek AC'97 ko SoundMAX ne a injinan wancan zamani, nemo shi da sunan samfurin kwamfutar. Ƙugi mara yankewa a sifika kuwa daga wuta yake zuwa, sa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya ka ji ko ya ragu.

Na ga wani shagon ɗinki a Sabon Gari inda aka kai abin ƙarshe. Akwatin yana kan kanta sama da keken ɗinki, an rufa masa ƙyallen atamfa ta sama an bar gefen fanka a buɗe, ba allo ba linzami, kilabiye kawai a rataye da ƙusa. An ɗiga jan farce a kan maɓallin B da na V. Maigidan, allura a baki, ya ce wa yaronsa: "Kai, ɗan nan, taɓa mana ja na dama, waɗannan sun cika surutu." Yaron ya miƙa hannu ya taɓa B, Kano ta tafi, karatu ya shigo.

Yin haka ba wuya. Jefa tashoshi.m3u cikin jakar Démarrage da ke ƙarƙashin Tous les programmes, ka cire kalmar sirrin shiga Windows, duk kunnawa rediyo zai tashi da kansa. A Winamp X kunnawa ne, V tsayarwa, B tasha ta gaba, Z ta baya. A VLC N gaba, P baya, dogon maɓallin tazara dakatarwa. Cire allon, musamman mai ƙoƙon baya, yana rage cin kuran sosai. Akwatin Pentium 4 shi kaɗai ma yana iya shan wat 100, tsohuwar kwamfutar cinya kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma ita ce ta dace da gidan da ke kan farantin hasken rana.

A BIOS akwai saitin da ke sa injin ya tashi da kansa idan kuran ya dawo. Yana da daɗi, amma kada ka kunna shi sai kana da na'urar daidaita wuta mai jinkirta ƴan daƙiƙu, don lokacin dawowar ne wuta ta fi yin tsalle.

Sautin intanet kullum yana bayan na iska, wani lokaci da rabin minti ko fiye, kuma daƙiƙun da ka ƙara na jira suna hawa kan wannan. Tashar da kake ji ma tana iya zama a garin da rana ke faɗuwa kafin ta faɗi a Maradi, kamar Zinder ko Kano da ke gabas da mu. Da azumi, kada a sha ruwa ko a daina sahur da kiran sallar da ya fito daga wannan akwatin, a bi ladanin unguwa.